Malamin da Ɗalibansa Suka Yi wa Gardama

A watan Nuwamba na 1950 wani malami ɗan shekara 30 ya ajiye aikinsa a Kwalejin Horon Malamai ta Maru, a lardin Sakkwato na wancan zamani, ya tattara nasa ya nasa ya nufo Kano. Ba korarsa aka yi ba, ba kuwa wani aikin ya samu ba. Yaron yau da ya saba ganin malamai suna tsere wa aji su kama tuƙin A Daidaita Sahu ba zai ga abin mamaki a nan ba. Amma a wancan lokaci, malamin gwamnati da ya yi karatu har Landan, da yatsun hannu ake ƙirga irinsu a lardi guda. Albashi na zuwa duk wata, ga gida, ga fansho, in kuma mutum ya iya bakinsa wata rana a naɗa masa rawani. Duk wannan Malam Aminu Kano ya bari.

Na yi koyarwa a firamare tun zamanin UPE har na yi ritaya, mahaifina kuma tela ne ɗan jam'iyyar NEPU na a-mutu, don haka ta wurin allo da ta wurin keken ɗinki nake kallon Malam. Abin da na gani shi ne, ya bar Maru amma bai bar aji ba. Shekara 33 da ya yi a fagen siyasa darasi guda ya yi ta maimaitawa, wato talaka ya ɗaga kai ya tambayi dalili. Darasin ya shiga. Ya ma shiga fiye da yadda mai koyarwar ya zata, domin daga ƙarshe shi ma sai da aka tambaye shi.

Ba shi kaɗai ne ya shiga siyasa da ƙurar alli a hannun riga ba. Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934 kafin a naɗa shi hakimin Rabah. Abubakar Tafawa Ɓalewa malami ne a Midil ta Bauchi. Kashim Ibrahim a Barno, Aliyu Makaman Bida, Yahaya Gusau, Shehu Shagari, Maitama Sule, duk sun riƙe alli. Dalilin a fili yake. Da Turawa suka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, ba lauyoyi ko likitoci suke nema ba, malamai suke so waɗanda za su koyar a makarantun larduna. Saboda haka a Kudu ɗan jarida irin Azikiwe da lauya irin Awolowo ne suka ja ragama, a Arewa kuwa duk wanda ya iya tsayawa ya yi wa Razdan bayani da harshensa, to malamin makaranta ne. Haka abin yake a Nijar. Diori Hamani da Bubu Hama da Jibo Bakari duk malamai ne da suka fito daga makarantar William Ponty ta Senegal, kuma jam'iyyar Jibo ita ma, kamar NEPU, Sawaba ake kiran ta.

Bambancin yana wajen ƙofar da kowa ya bi. Yawancin waɗancan malamai ta ƙofar fada suka shiga siyasa. Malam Aminu ma yana da wannan ƙofar a buɗe, abin da mutane kan manta ke nan. Ba ɗan talakawa ba ne. An haife shi ranar 9 ga Agusta 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, a gidan Genawa, zuriyar da aka sani da malanta da alƙalanci. Mahaifinsa Malam Yusufu muhuti ne a kotun alƙali. Ya yi makarantar Shahuci, ya yi Midil ta Kano, a 1937 ya shiga kwalejin da yanzu ake kira Barewa, ya gama a 1942. Wanda ya tashi a irin wannan gida ya ga yadda ake shari'a da idonsa, ya san abin da littafi ya ce, ya kuma san abin da ake aikatawa in an zo da mai ƙarfi da marar ƙarfi. Ina ganin shi ya sa ba a taɓa iya rufe masa baki da faɗar cewa bai san addini ba.

Tun yana ɗalibi ya fara rubuta wasannin kwaikwayo, irin su Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, da Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya. Duk malamin da ya taɓa shirya wa yara wasa ranar bikin makaranta ya san amfanin abin. Maganar da ba ka isa ka faɗa wa babba ido da ido ba, sai ka sa yaro ya naɗa rawani ya faɗe ta, babban yana zaune a sahun gaba yana dariya.

A Bauchi, inda aka tura shi koyarwa a 1942, ya tarar da Tafawa Ɓalewa a makarantar, ya kuma haɗu da Sa'adu Zungur a gari. Zungur ya girme shi, ya yi karatu a Yaba, ga ilimin addini, ga kaifin harshe, kuma shi ne malamin Malam a siyasa. Daga baya Malam ya rubuta littafin tarihin rayuwar Zungur. Su da wasu ma'aikata suka riƙa zama a Majalisar Taɗi ta Bauchi, wani zaure na muhawara da hukuma ta yarda da shi tana ganin hira ce kawai ta 'yan boko. Ana cikin haka wata rana aka jefo tambaya: me ake dubawa wajen yanka wa sarki albashi? Ba a daɗe ba aka rufe majalisar. A yau tambayar ba ta kai a tashi daga zaune ba. A Bauchi ta wancan zamani kuwa, ba a taɓa jin wani ya haɗa sunan sarki da kalmar dalili a jimla guda ba.

A 1946 ya tafi Landan karatun koyarwa. Bayan dawowarsa ya kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin farko da suka haɗa ma'aikatan larduna daban-daban a inuwa guda. Sai aka ɗauke shi daga Bauchi aka kai Maru, nesa da gari, nesa da jarida. Yana can aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Sunayen da aka fi ambata cikin waɗanda suka kafa ta su ne Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Mudi Sipikin, Magaji Ɗambatta, Maitama Sule, Babaliya Manaja, Musa Kaula da Abdulƙadir Ɗanjaji. Babu Malam a ciki, domin ma'aikacin gwamnati ne. Sai da ya ajiye aiki ya shiga a fili, a 1953 kuma ya zama shugabanta. A cikin wannan watan na Agusta 1950 ne tsohon abokin aikinsa Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul. Malamai biyu daga makaranta guda sun hango cuta guda. Ɗaya ya ce a yi magani daga ciki a hankali, ɗaya ya ce wanda cutar take ci shi za a ba wa baki ya yi magana.

Wanda aka haifa bayan 1976 sai an yi masa bayanin En'e. A lokacin, 'yan doka na sarki ne, kotun alƙali ta sarki ce, gidan yari na sarki ne, baitulmali ma haka. Hakimi da dagaci da mai unguwa su ke tara haraji da jangali. Wanda ya kama ka, da wanda zai yi maka shari'a, da wanda zai tsare ka, duk abinci guda suke ci, Bature kuma yana daga sama yana duba lissafi. Ba a ce kowane hakimi azzalumi ba ne, akwai masu tsoron Allah. Amma in ka faɗa hannun wanda ba ya tsoron, babu inda za ka kai kuka.

Mahaifina ya sha ba mu labarin yadda ya shiga NEPU, kuma babu wata babbar aƙida a ciki. Yana bin kasuwannin ƙauye da kan kekensa, ranar kasuwa ya kafa a gindin bishiya ya yi wa mutane faci da ɗinkin 'yar shara. Wata shekara lokacin haraji, a wata gunduma, ya ga an jera magidanta a rana a ƙofar gidan dagaci, an hana su inuwa sai sun biya. Cikinsu akwai wani dattijo da ya rantse ya biya tun kaka, ya sayar da akuyarsa ya kawo, amma babu takarda. Mahaifina kuwa ya taɓa tsayawa a laccar NEPU a birni, inda ya ji an ce duk wanda ya biya haraji ya nemi rasit, ya kuma nemi a karanta masa abin da aka rubuta. Sai ya ce wa mai karɓar, ranka ya daɗe, ai da an ba shi rasit da ba a yi wannan musun ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kafin la'asar yana gaban alƙali, laifinsa raina na gaba, aka ba shi wata uku. Na taɓa ce masa, "Baba, da ka yi shiru ai da ka kwana a gida." Ya ce, "Ɗan nan, da na yi shiru, da wa zai gaya wa tsohon cewa akwai wata aba wai ita rasit?" Da ya fito ya yanki katin NEPU mai tauraro.

Irin mutanen NEPU ke nan: teloli, mahauta, 'yan koli, masu wanki da guga, direbobi, malaman zaure da ba sa cin abincin fada. Taronsu kuwa aji ne sosai. Ana neman izini a wurin En'en da za a je a soka, in an hana a yi a ɓoye ko a yi a sha ɗauri. Malam gajere ne, farin kaya da jar hula, ba ya cika baki da manyan kalmomi. Zai ɗauko abu guda, kamar kuɗin haraji, ya bi shi daki-daki: nawa aka karɓa, hannun wa ya bi, ina ya tsaya, me ya dawo wa gari da shi. Ya kawo aya, ya kawo labari mai ban dariya, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Mu da muka koyar da 'yan aji ɗaya mun san wannan dabarar, yaro ba ya riƙe abu biyar a rana, amma zai riƙe ɗaya ya kai gida. Mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja suka mai da darussan waƙa, waƙa kuwa ba ta neman izinin kowa kafin ta shiga cikin gida.

Abokan hamayya sun ce 'yan NEPU marasa kunya ne, ba sa ganin girman manya, wasu ma suka kafirta su. Malam bai guje wa fagen addini ba, nan ma ya fi ƙarfi. Ya riƙa kafa hujja da rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu a kan adalcin shugaba, yana tafsiri da azumi, kuma a farkon shekarun 1950 ya fara makarantar Islamiyya a Sudawa, mai aji da allo na bango, maza da mata. Yau babu unguwar da ba ta da Islamiyya, har mun ɗauka da ma can haka aka taso, alhali a farkonta ta sha jifa. Batun mata ma haka. NEPU ta nemi a ba matan Arewa ƙuri'a tun ana ganin abin kamar saɓo, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan haka. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen 1959, namu sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976.

Kada a ɗauka duka ɓangare guda ne mai sanda. A Kano ta shekarun 1950 akwai 'Yan Mahaukata da ke far wa 'yan NEPU, su ma 'yan NEPU suka tanadi samarinsu na ramuwa. Bangar siyasa da muke kuka da ita yau a can aka haife ta, kuma gidaje biyu ne suka yi renonta.

A akwatin zaɓe kuwa Malam ya fi sanin faɗuwa. A 1951 zaɓe hawa-hawa ne, a zaɓi wakilai su kuma su zaɓi wasu. NEPU ta yi abin mamaki a matakin ƙasa a Kano, amma doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen, kashi 10 cikin 100, a mataki na ƙarshe, sai aka wayi gari ba ta da kowa. A 1954 Maitama Sule, wanda ya riga ya koma jam'iyyar NPC, abokiyar hamayyar NEPU, ya kayar da shi. A 1956 Ahmadu Ɗantata ya kayar da shi. Sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi majalisar Ikko, a shekarar da NEPU ta sami kujeru 8. Nan ma sai ga wani ƙulli: NCNC, abokiyar ƙawancen NEPU, ta shiga gwamnati da NPC, Malam ya sami kansa a ɓangaren gwamnati a Ikko yayin da ake ɗaure magoya bayansa a gida. A 1964 ya rasa kujerar.

Wani abu da ke ba ni haushi in na tuna shi ne, yawancin abin da NEPU ta sha wuya a kansa ba ƙuri'a ce ta kawo shi ba, soja ne. Bayan 1966 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Ranar 27 ga Mayu 1967 aka raba Arewa jihohi shida, Kano ta zama jiha. A 1976 aka kafa ƙananan hukumomi. Malam kansa ya yi kwamishinan tarayya a gwamnatin Janar Gowon, na sadarwa daga 1967, na lafiya daga 1971 zuwa 1974. Amma sojan bai ƙirƙiro buƙatar ba, ya zo ne ya tarar an shekara 16 ana karantar da mutane ita.

Da aka buɗe fagen siyasa a 1978, Malam ya zauna da waɗanda suka zo suka kafa NPN, zaman bai yi daɗi ba, ya fita, aka kafa PRP mai alamar mabuɗi. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta nemi hana shi takarar shugaban ƙasa a kan takardar biyan haraji, sai da kotu ta wanke shi. A zaɓen 1979 ya zo na huɗu cikin biyar, da kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un ƙasa. Amma PRP ta cinye Kano da Muhammadu Abubakar Rimi, ta ci kujerar gwamnan Kaduna da Abdulƙadir Balarabe Musa, wanda shi ma ya taɓa koyarwa kafin ya zama akanta. Suna hawa a watan Oktoba suka soke haraji da jangali. Ranar da aka faɗa a rediyo mahaifina bai ce komai ba, ya rufe keke ya tafi kasuwa ya sayo nama. Gwamnatin Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980, ni ma na koyar da manya da yamma, magidanta masu furfura suna koyon rubuta sunansu a kan bencin da 'ya'yansu suka tashi da rana. A shekarar ce kuma Kano ta ba da hutun ranar ma'aikata, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu.

Daɗin bai kai shekara ba. Gwamnonin PRP biyu suka fara zama da gwamnonin UPN biyar da na GNPP biyu, taron da aka riƙa kira na gwamnoni tara. Uwar jam'iyya ta ce su daina. Suka ce ba za su daina ba sai an gaya musu dalili mai gamsarwa. A 1980 aka kore su, jam'iyya ta dare biyu, 'yan Taɓo na tare da Malam, 'yan Santsi na tare da gwamnoni, tsohon jagoran ƙwadago Michael Imoudu yana shugabantar su.

Wanda bai ga wannan zamani ba ba zai gane zafinsa ba. A makarantarmu ofishin malamai ɗaki guda ne da dogon tebur guda, muna haɗa kuɗi a sayo ƙosai da koko lokacin tara. Da rikicin ya yi tsami sai ƙosan ya zama ƙulli biyu, kowane a ƙarshen tebur, hedimasta ya riƙa cin nasa a ofis don kada a ce ga inda ya karkata. A gida ni Santsi ne, mahaifina Taɓo. Na ce masa, "Baba, ba Malam ne ya ce kowa a tambaye shi dalili ba?" Ya ajiye almakashi ya dube ni. Ya ce, "Ku da kuka zo aka gama shan ɗauri, ku ne za ku tambayi Malam dalili? Rimi yana ina lokacin da ake yi mana bulala?" Muka yi watanni gaisuwa ce kawai tsakaninmu. An yi auren da ya mutu a kan wannan, an yi maƙwabtan da suka daina zuwa sunan juna.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma kowanne abin da ya ji tsoro sai da ya faru. Malam yana ganin taron gwamnonin tarko ne, za a haɗiye ƙaramar jam'iyyarsa a cikin tafiyar wasu, su ci moriyar talakan Kano su watsar. Ga shi kuwa a 1983 Rimi ya bar PRP ya koma NPP. Su kuma gwamnonin suna zargin wasu na kusa da Malam da yi wa NPN aiki a ɓoye. Ga shi kuwa S. G. Ikoku, sakataren jam'iyya kuma mataimakin Malam a takarar 1979, a NPN ya ƙare. Balarabe na Kaduna yana da wani dalilin na daban: majalisar jiharsa NPN ce ke da babban rinjaye, ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, yana buƙatar abokai ko daga ina. Ranar 23 ga Yuni 1981 suka tsige shi, gwamna na farko da aka yi wa haka a Najeriya. Bayan kwana 17, ranar 10 ga Yuli, tarzoma ta ɓarke a Kano saboda takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa.

A nan nake ganin sana'armu ta malanta ta nuna iyakarta. Malami yana son yaro mai tambaya, yana yaba masa, amma a ransa ya san in an ƙare muhawara shi zai rubuta amsa a allo. Shekara da shekaru Malam yana jagorantar jam'iyyar da ba ta da komai sai shi. Ba ta da baitulmali, ba ta da muƙamin rabawa, wanda duk ya bi shi don Allah da ra'ayi ya bi shi. Rana guda sai ga ɗalibansa biyu da jiha a hannu, da kasafin kuɗi, da rediyo, da ƙuri'ar da mutane suka ba su da sunansu. Gwamna ba ɗan aji ba ne, ko da kai ka ɗaga hannunsa. Malam bai taɓa mulkin jiha ba, bai taɓa zama ya raba kuɗi kaɗan ga buƙatu masu yawa yana fuskantar majalisar da ke neman wuyansa ba. Su kuma samarin, kan su ya yi zafi, sun manta cewa jama'ar da ta cika musu fili ba su suka tara ta ba. Da a ce an bar su sun yi zaman nasu an ja musu kunne a cikin gida, ina jin da ba a kai ga kora ba. Ra'ayina ke nan, na san kuma akwai dattawan da har gobe ba za su yarda da ni ba.

Akan tambaye ni me ya sa yanzu ba a cika ganin malamin makaranta ya yi irin wannan tashe ba. An yi Malam Ibrahim Shekarau, malamin lissafi kuma tsohon firinsifal, wanda ya mulki Kano daga 2003 zuwa 2011, amma shi sai da ya kai babban sakatare a gwamnati kafin ya fito. A 2022 APC ta sayar da fam ɗin takarar gwamna naira miliyan 50, PDP miliyan 21. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, kuma akwai malaman firamare da ba su ga ko wannan ba. Mai karatu ya ɗauki biro ya yi lissafin da kansa. Ban da kuɗi ma, a 1950 malami shi ne mai karanta wa gari jarida da wasiƙa, yau kowa yana da waya a aljihu, malamin kuma bashin mai shago ya hana shi bin wani layin.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, ana shirin zaɓe, bayan ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, ta yi masa mataimakiya. An binne shi a gidansa na Gwammaja, Gidan Mambayya, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa duk sunansa suke ɗauke da shi, jar hularsa kuma ta zama tutar wasu, kowane ɗan siyasar Kano yana cewa shi ne magajinsa, har da jikokin waɗanda suka ɗaure mabiyansa. A zaɓen watan Agusta talakan Kano ya nuna wa Rimi cewa mahaifina ya fi ni sanin gari: Sabo Bakin Zuwo na Taɓo ya kayar da shi da mabuɗin Malam. Wata uku Sabo ya yi a kujera. Ranar 31 ga Disamba soja suka karɓi mulki, Sabo da Rimi duka biyu suka tafi gidan yari.

Da aka dawo da siyasa aka sake rajistar PRP, ba ta ƙara yin wancan ƙarfin ba, amma ba ta mutu ba. Mutumin da ya shugabance ta shekara da shekaru, yana Kaduna yana sukar kowace gwamnati da ta zo, shi ne Balarabe Musa, ɗaya daga cikin biyun da aka kora a 1980. Sai a 2018 ya sauka saboda rashin lafiya, ya rasu ranar 11 ga Nuwamba 2020.